Shafin da na goge bai gogu ba

Kusan kowane mako sai wani saurayi ya shigo shagona da ke bayan Meriyar Adjamé, wato ofishin magajin gari, ya tsaya a kaina yana kallo. Zai ga na rubuta layi ɗaya a baƙin allo na danna, kafin ya gyara tsayuwa shafuka sun fito reras. Sai ya ce, "Baba Haruna, dama shi ke nan aikin? Ai ni ma zan yi a waya." Na daina yi musu gardama. Nakan ce ya jawo kujera. Mafi yawansu ba sa zama, shi ya sa na ga gara in rubuta, wanda ya samu sarari ya karanta.

Ni ba ɗan makaranta ba ne. Daga Maraɗi na zo Abijan ina saurayi, na yi dako, na yi tallan batir da caja, har na kama ɗan tebur a kasuwar wayoyi ina sayar da tsofaffin ordinata, wato kwamfuta, irin waɗanda ake saukewa daga kontena. In sayi matattu uku in fitar da mai rai ɗaya. Faransancina na kasuwa ne, karatun boko kuwa sai da na girma na yi shi.

Wata rana na kai wa wani mai ɗab'i a Treichville ordinata. Misiye Kofi sunansa, ɗan ƙabilar Baule ne, gajere mai gilashi, yana buga katin biki da takardun shaguna. Na same shi yana haɗa wa wani gareji shafin intanet. Na tsaya ina kallo, na ga aiki ne da ba ya buƙatar jari sai kai, na ce ya koya mini.

Ya ce, "Aboki, kai ɗan kasuwa ne. Wannan aikin zama ne, ba a ihu a cikinsa."

Na ce, "Misiye, injinanka huɗu a nan, biyu suna tari. Ni in riƙa yi musu magani, kai ka riƙa koya mini."

Ya kalli injinan, ya kalle ni, ya ce in zo ranar Asabar.

Aikin farko da ya ba ni na wani shagon taya ne wanda babu shi a duniya, shi ya ƙirƙiro shi. Shafi talatin, kowanne da hannu zan rubuta, kowanne da sunan shago da adireshi da lambar waya a sama. Asabar biyar na yi a kai. Ranar da na gama ya leƙo ya ce, "Mai tayar ya canja lamba." Na buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya na gyara, ya duba ya kamo biyu da na tsallake. Asabar ta gaba ya ce mai taya ya tashi ya koma Koumassi. Na sake bi. A ta uku da ya buɗe baki na riga shi, na ce, "Misiye, don Allah mai tayar nan ya zauna wuri ɗaya." Ya yi dariya har ya cire gilashi. Ya ce yanzu na isa ganin injin, don wanda bai sha wahalar shafi talatin ba ba zai san abin da injin yake yi masa ba.

Injin da muke cewa wata ƴar ƙaramar manhaja ce, ba ta da maɓallai masu kala, ba ta da komai na burgewa. Kana da dosiye uku a ordinatarka, wato jakunkunan ajiye takardu. Ɗaya na rubutu, kowane kaya da ƴar takardarsa: sunansa, bayaninsa, sunan hotonsa. Ɗaya na hotuna. Na uku ƙwarangwal ne, wato siffar shafin, inda sunan shago zai zauna, inda lamba za ta zauna, inda hoto zai shiga. In ka ba injin umarni, sai ya ɗauki kowace takarda ya zuba ta a ƙwarangwal ya fitar da gamammen shafi. Mai taya ya canja lamba sau goma, wuri ɗaya za ka taɓa. Daga nan sai ka kwashi gamammun shafukan ka tura su wurin da kake haya a intanet. Ni magaze nake ce wa wurin, domin aikinsa ke nan: ajiya. Ba a ɗinka komai a can, ba a dafa komai, wanda ya zo a miƙa masa abin da ke ajiye.

Mutane sun sha ce mini me ya sa ba na amfani da manyan manhajojin nan masu ado. Na gwada su. Suna son gyara kullum, suna son rezo, wato sabis ɗin intanet, mai ƙarfi, kuma in ka yi sakaci ɓarayin intanet su shiga ta baya. Shafin da injina ya fitar ba shi da ƙofar baya. Abu na biyu, ba shi da nauyi. Ina da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ita ce alƙalina. Duk shafin da na gama sai na shiga da ita tsakiyar kasuwar Adjamé, ƙarƙashin rumfunan kwano inda rezo yake numfashi sama-sama, in buɗe. In ya buɗe kafin mai wotoro, wato mai tura amalanke, ya ce in ba shi hanya sau biyu, ya yi. In bai buɗe ba in koma in rage hotuna. Mai saye a Korhogo ko a Zinder ba zai ƙona katinsa yana jiran adonka ba.

Wani mai kayan gyaran babur shi ne kwastomana na farko na gaske, kuma a wurinsa na koyi abin da Misiye Kofi bai sani ba. Na sa farashi ƙarƙashin kowane kaya, ina ganin na yi abin kirki. Ya kira ni kamar gobara ta tashi. "Haruna, ka kwance mini zani a kasuwa! Maƙwabcina ya buɗe ya gani, ya rage, yanzu a ƙofata yake tare mutane." Tun daga shi ba na sa farashi sai mai kaya ya ce in sa, kuma ba sa cewa. Ɗan kasuwarmu so yake a ga kaya a kira shi, sauran a baki ake yi. Wani tela a Treichville kuma ya ce lallai sai kiɗa ya tashi in an buɗe shafinsa, almakashi kuma ya riƙa juyawa. Na ce ba na yi. Ya tafi wurin wani aka yi masa, bayan wata biyu ya dawo, ko shi shafin ba ya buɗe masa.

Hoton atamfa ya fi kowane aiki wuya. Ja ya fito ruwan lemo, mata ta yi oda daga nesa, kaya su iso ta ce ba shi ba ne, kai ne ka ɓata tsakanin mutane biyu. Da safe nake ɗauka, a inuwa, ba fitila. Ina shimfiɗa zanen a kan wani tsohon ƙyauren ƙofa da na shafa wa farin fenti, mai ramukan ƙusa uku a kusurwa inda aka ɓalle sakata. In na rage hoton sai in riƙe zanen kusa da allo in gwada da ido.

Hoton atamfa ne ya kai ni wurin Hajiya Balki. Babbar dila ce a kasuwar Adjamé, ƴar garinmu, ta girme ni nesa. Ba ta karatu, amma ta taɓa zane da yatsa biyu ta faɗa maka inda aka buga shi. Shekara huɗu ina riƙe da shafinta, shi ne mafi girma a hannuna. Manyan mata irinta suna da al'adar da ya kamata ku sani. Sukan sa a buga musu zanensu na kansu a waje, kuma ba a ganin sa har sai kontena ta fito daga tashar jirgin ruwa kaya sun shiga magaze. Ribar tana cikin makonnin farko. Da zarar zanen ya shiga idon mutane, masu kwaikwayo sun tura hotonsa an bugo mai araha. Don haka sabon zane sirri ne, wata ko mijinta ba ta nuna wa.

Shekarar da zan ba ku labari ita ce mafi muni da na gani a sana'ar. Ƴan kasuwa suka gano za su iya ɗora hoton kaya a manhajar hira ta waya kyauta, kowa ya ce me zai yi da shafi. Mai kayan babur ya tafi, masu takalma suka tafi, telan ma ya tafi. Kwastoma uku suka rage mini, biyu ƙanana. Aikin Hajiya ne yake riƙe da ƙofar shagona a buɗe.

Wata biyu kafin Babbar Sallah ta aiko in je. Ta rufe ƙofar ciki, ta kwance wani ƙulli, ta fito da yadi ɗaya na sabon zane, shuɗi mai duhu da ganye ruwan zuma. Ta ce, "Bayan ni, mutum ɗaya ce ta gan shi, Awa. Kai ne na biyu. Ka shirya shafinsa ka ajiye, ranar da kontena ta fito sai ka saki." Tanti Awa ƴar ƙabilar Jula ce, shagonta layi uku daga na Hajiya. Shekara talatin suna tare, ita ke kai kayan Hajiya wurin masu saye na arewa, tare suke cin abincin rana. Na ɗauki hoton, na mayar da yadin a ranar.

Bayan kwana biyu Hajiya ta tafi Maraɗi ta'aziyya. Daga can ta kira ta ce tana son ta ga yadda shafin ya fito a wayarta. Na gina shi, na tura magaze, ban haɗa shi da kowane shafi ba, na aika mata adireshin ita kaɗai. A ganina ɓoyayye ne. Sai bayan kwana uku ta samu rezo ta duba. Ta ce, "Ya yi kyau. Cire shi yanzu." Na cire takardar daga dosiyen rubutu, na ba injin umarni, na tura sababbin shafuka. Na buɗe shafinta daga farko zuwa ƙarshe, babu shuɗi. Na ce mata an gama.

Saura mako biyu Sallah, kontenar Hajiya tana tashar jirgi ana jiran takardu, sai ga shuɗi mai ganye ruwan zuma a kan tebura a kasuwa. Na kwaikwayo, mara nauyi, amma zanen shi ne. Kuma teburin farko da aka gan shi a layin Tanti Awa yake.

Hajiya ta zo shagona da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta zauna ba.

"Haruna, ka goge abin nan?"

"Na goge, Hajiya. Zo ki gani." Na buɗe mata dosiyen, babu. Na bi shafinta a gabanta hoto bayan hoto, babu.

Ta ce, "To. Kai dama me za ka yi da atamfa." Ta gyara mayafi ta fita.

Daga ranar ta daina gaisawa da Tanti Awa. Ta hana ta kaya. Ta faɗa a gaban mutane cewa ta san hannun da ya sayar da ita. Masu saye na arewa suka fara kauce wa shagon Tanti Awa, don ba mai son a ce yana hulɗa da wadda ta ci amanar dila. A kasuwa irin wannan magana ta fi gobara, gobara ana tara maka gudummawa.

Bayan Sallah da kwana kaɗan wata mai ɗinki ta kawo mini wayarta in rage mata kaya a ciki. Ina share hotuna sai na ci karo da shuɗin. Ta ce an daɗe ana turawa a tsakanin mata, tun kafin ya shigo kasuwa. Na buɗa hoton da yatsa. An yanke gefensa, amma a kusurwa ga farin fenti, ga ramukan ƙusa uku. Na nemo adireshin da na aika wa Hajiya a Maraɗi, na rubuta a tsohuwar wayata. Shafin ya buɗe nan take.

Ga abin da ya faru, ku riƙe shi. Injin ba ya goge komai a magaze. Abin da ka ba shi yake ginawa. In ka tura sababbin shafuka, masu suna iri ɗaya su hau kan tsofaffi, wanda ba shi da magaji kuwa ya zauna inda yake, ba mai taɓa shi. Ni a ordinatata na goge, a magaze yana nan. A kwana ukun da na jira Hajiya, injin binciken intanet, wanda mutane ke neman abu da shi, ya riga ya gan shi, domin injina yana fitar da jerin duk shafukan da ya gina don masu bincike, ni kuwa ban tuna ba. Tun da shafin bai tashi ba, duk wanda ya nemi atamfar Adjamé ana iya nuna masa.

Na rufe shago na tsallaka gada zuwa Treichville. Misiye Kofi ya tsufa, ɗab'in ma ya rage. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Na koya maka zuba kaya a magaze, ban koya maka kwashewa ba. Rabin laifin nawa ne."

"To taso mu je ka kai wa Hajiya rabinka."

"A'a, Aboki. Matan Adjamé? Kai za ka ɗauka duka." Sai ya daina dariya ya ce, "Ka san dannawa ɗaya ce. Ka goge yanzu, ba wanda zai taɓa sani. Ni ban ce ka yi ba. Na faɗa maka ne don ka san ka sani."

Ban goge ba. Hoton ya riga ya gama gari, kwana ɗaya ba zai ƙara komai ba. In na goge, bakina kaɗai zan kai wa Hajiya, kuma bakin nan ne ya ce mata an gama tun farko. Tun daga wannan aikin, kafin in tura komai sai na share magazen tas in zuba sabo, in na cire shafi sai na buɗe tsohon adireshinsa a wayar wani na ga ya mutu, kuma sirrin mutum ba ya hawa intanet ko na minti ɗaya. Mai son gani ya zo shago, ko ya jira.

Washegari da hantsi na ɗauki ordinata na je shagon Hajiya. Na karɓi wayarta, na nemo saƙon da na aika mata tana Maraɗi, na ce ta danna da yatsanta. Ta danna. Shuɗin ya cika allon.

Na ce, "Hajiya, daga nan aka ɗauka. Ban goge daidai ba. Tanti Awa ba ta da hannu."

Ta kalli wayar, ta kalle ni. Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi sauƙi. Ta laluba takalmanta da ƙafa ta ce, "Tashi."

Ta shiga gaba ina biye da ordinata a hammata. Ƙafarta ɗaya tana ciwo, amma ranar masu wotoro ne suke kauce mata. Muka sami Tanti Awa tana ninke zane, ba kowa a shagon. Ta gan mu, ta ci gaba da ninkinta.

Hajiya ta ce, "Faɗa mata."

Na fara bayanin magaze da injin bincike. Tanti Awa ta ɗaga hannu, da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Ɗana, ban gane ko ɗaya ba. Tambaya ɗaya. Ni ce?"

"Ba ke ba ce, Tanti. Ni ne."

"Ɗaga murya. Ranar da aka ce ni ce, duk layin nan sun ji."

Na fita bakin shagon na faɗa da Hausa. Ta ce akwai waɗanda ba sa jin Hausa. Na faɗa da Faransanci, na faɗa da Julancina mai karkata, har wata mai sayar da ɗankwali ta ce, "Yako, tonton," wato sannu, mata suka kwashe da dariya. Mai teburin da ya fara sayar da na kwaikwayon ya sunkuyar da kai yana gyara kaya.

Da na dawo ciki Hajiya tana tsaye inda na bar ta. Tanti Awa ba ta jira a ba ta haƙuri ba. Ta tura wani ƙullin atamfa da ƙafa ta ce, "Balki, ƙafar nan taki ba ta son tsayuwa. Zauna."

Hajiya ta zauna. Ta juyo ta ce, "Goge shi a nan, mu gani."

Na ɗora ordinata a gwiwa, na haɗa da rezon wayata, na shiga magazen na cire shafin da hotonsa. Na sa ta danna a wayarta, babu. Tanti Awa ta miƙo tata, na rubuta adireshin, babu.

Hajiya ta ce, "Sauran ma ka sauke. Duka."

"Duka shafin, Hajiya?"

"Ban ce kai maci amana ba ne, Haruna. Da kai ne da ba ka zo ba. Amma abin da za a ce mini an goge alhali yana nan, ni ba zan iya tsaronsa ba."

Aikin shekara huɗu ne, saukewar ba ta kai minti biyu ba. Bai dawo hannuna ba har yau, sauran shekarar nan caja da batir na koma sayarwa kafin abubuwa su miƙe. Na rufe ordinata, na yi musu sallama. Ba wadda ta amsa. Tanti Awa tana cewa shuɗin na gaske zai shiga a Korhogo in an kai shi da wuri, Hajiya tana cewa Awa ba ta taɓa sanin kala ba tun suna ƴan mata.